Jirgin Dakon Mai Ohio: Tambayoyi da Amsoshi kan Jirgin Kasuwa da Aka Tura Yaƙi

Wanda duk ya fara karanta tarihin Yaƙin Duniya na Biyu a Bahar Rum ba ya nisa sai ya ci karo da sunan Ohio, kuma tambayoyin da masu karatu kan yi a kansa kusan iri ɗaya ne. Ohio shi ne jirgin da ya kai wa tsibirin Malta mai a 1942, lokacin da aka yi wa tsibirin ƙawanya. An tattaro tambayoyin a nan, daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar dogon bayani.

Wane irin jirgi ne Ohio, kuma wa ya mallake shi tun farko?

Ohio jirgin ruwa ne na dakon man fetur, wanda kamfanin Sun Shipbuilding ya ƙera a garin Chester na jihar Pennsylvania a Amurka, domin kamfanin mai na Texas Company, wanda aka fi sani da Texaco. An fara aikinsa a watan Satumba na 1939, aka saukar da shi ruwa ranar 20 ga Afrilu, 1940. Tsawonsa ya kai mita 157, yana ɗaukar ganga 170,000 ta mai, kuma yana cikin manyan jiragen dakon mai na zamaninsa.

Abin da ya fi bambanta shi da takwarorinsa shi ne gudu. Injinsa na tururi yana kai shi kusan kilomita 30 a awa ɗaya da kaya a cikinsa, alhali yawancin jiragen dakon mai na lokacin ba sa kusantar haka. Shekara biyun farko na aikinsa ya yi su ne yana jigilar mai daga Port Arthur ta jihar Texas zuwa wasu tashoshin Amurka, aikin kasuwa zalla, ba bindiga ba soja.

Me ake nufi da a ce gwamnati ta karɓe jirgin kasuwa? Ya zama jirgin soja ke nan?

A lokacin yaƙi doka kan ba gwamnati ikon ɗora hannu a kan jirgin ɗan kasuwa, ta yi aikin ƙasa da shi, ko mai jirgin ya so ko bai so ba, sannan a yi lissafin haya ko diyya. Haka aka yi wa Ohio, sai dai nasa ya zo da mataki biyu: hukumar Amurka mai kula da jiragen kasuwa a lokacin yaƙi ce ta karɓe shi daga hannun Texaco, sannan ta miƙa shi ga ma'aikatar sufurin yaƙi ta Birtaniya, ita kuma ta damƙa gudanar da shi ga kamfanin Eagle Oil and Shipping. Ranar 10 ga Yuli, 1942 aka sauke tutar Amurka daga kansa, aka ɗaga jar tutar jiragen kasuwa na Birtaniya.

Wannan bai mayar da shi jirgin soja ba, kuma nan ne mutane da yawa kan yi kuskure. Akwai jiragen dakon mai da rundunar ruwa ta Amurka ta karɓa ta shigar cikin jerin jiragenta gaba ɗaya, ta sauya musu suna, ta zuba musu sojoji. Har akwai waɗanda aka mayar da su masu ɗaukar jiragen sama, kamar Esso Trenton da ya koma Sangamon. Ohio bai bi wannan hanya ba. Sunansa bai sauya ba, kyaftin ɗinsa da injiniyoyinsa farar hula ne masu cin albashin kamfani, amma umarnin inda zai je da lokacin da zai tashi daga rundunar ruwa yake fitowa.

Me ya sa Malta ta matsu da mai har aka kai ga wannan?

Malta tsibiri ne ƙarami a tsakiyar Bahar Rum, tazararsa da Sisili ba ta kai kilomita 100 ba, kuma a lokacin yana ƙarƙashin Birtaniya. Yana zaune ne daidai kan hanyar da jiragen Italiya da Jamus ke bi su kai wa rundunar Rommel, kwamandan Jamus a Arewacin Afirka, abinci da mai da makamai a Libiya. Muddin jiragen sama da jiragen ƙarƙashin teku na Birtaniya suna iya tashi daga Malta, to wannan hanya ba ta da kwanciyar hankali. Shi ya sa Jamus da Italiya suka yi wa tsibirin ƙawanya, suka riƙa yi masa ruwan bama-bamai, musamman a watannin farko na 1942.

Tsibirin ba ya noma abin da zai ciyar da mutanensa, ba shi kuma da ɗigon mai nasa. Zuwa tsakiyar 1942 an rage rabon burodi, an buɗe wuraren dafa abinci na gayya, kananzir ɗin da mata ke girki da shi ya zama abin aunawa kaɗan-kaɗan. Hukumomi ƙarƙashin gwamna Lord Gort suna da lissafin ranar da abinci da mai za su ƙare, wadda bayanta babu abin da ya rage sai miƙa wuya, kuma a watan Agusta makonni kaɗan suka rage a kai ga ranar. Ana iya shigo da ɗan man jirgin sama da magunguna ta jirgin ƙarƙashin teku ko ta jirgin yaƙi mai sauri, amma dubban tan na mai sai jirgin dako.

Birtaniya ba ta da jiragen dakon mai nata ne, da sai ta nemi na Amurka?

Tana da su, amma ba masu gudu ba. Ayarin da zai ratsa mashigin da ke tsakanin Tunisiya da Sisili dole ya yi sauri, domin kowace awa da ya ƙara a wurin awa ce da jiragen saman abokan gaba ke samunsa, kuma ayari ba ya wuce gudun jirgin da ya fi kowa nawa a cikinsa. Jiragen dakon man da za su iya jerawa da sauran suna hannun Amurka.

A watan Yuni na 1942 an gwada da ɗan'uwan Ohio, wato Kentucky, wanda shi ma na Texaco ne. Bam ya faɗa kusa da shi, girgizar ta fasa masa bututun tururi, injinsa ya tsaya, aka rasa shi a hanya. Cikin jiragen kaya shida na ayarin da yake ciki biyu ne kawai suka isa Malta. Wani ayarin da ya taso daga Iskandariya a daidai lokacin ya juya ba tare da ya isa ba. A cikin wannan watan Ohio ya iso kogin Clyde na Sikotlan da kayan fetur, kyaftin ɗinsa Sverre Petersen da mutanensa suna tsammanin za su sauke kaya su koma gida. Sai aka sanar da su cewa za su sauka su bar jirgin. Ba abu ne mai sauƙi ba a raba ma'aikacin jirgi da jirgin da ya sani ciki da waje, kuma tarihi ya kan manta da waɗannan mutane saboda rabonsu a labarin ya ƙare tun kafin a harba harsashi ɗaya.

Su wa suka tuƙa shi, kuma wane shiri aka yi masa?

An ba Kyaftin Dudley Mason na kamfanin Eagle Oil jagorancinsa, James Wyld kuma shi ne babban injiniya. Mutum 77 ne a cikin jirgin, 24 daga cikinsu sojojin ruwa da na ƙasa ne da aka turo domin bindigogi. An girka masa babbar bindiga a baya, wata a gaba, da bindigar kakkaɓo jiragen sama ƙirar Bofors da wasu shida ƙirar Oerlikon.

Shirin da ya fi muhimmanci a ɗakin inji aka yi shi, kuma darasin Kentucky ne da aka ambata a amsar da ta gabata ya jawo shi. An ɗora injinan a kan matashin roba, aka tallafe bututun tururi da sifirin na ƙarfe da katako, domin in bam ya tashi a cikin ruwa kusa da jirgin, girgizar ta lafa kafin ta karya wani abu. Daga nan aka loda masa tan 11,500 na kananzir da man dizal.

Wane ayari ne ya shiga, kuma yaya girmansa?

Sunan da aka ba aikin shi ne Pedestal. Jiragen kasuwa 14 ne, kuma Ohio ne kaɗai na dakon mai a cikinsu. Sun tashi daga Clyde ranar 2 ga Agusta, 1942, suka wuce mashigin Jibralta cikin hazo ranar 10 ga wata. Rakiyar da aka ba su tana nuna irin muhimmancin tafiyar: manyan jiragen yaƙi biyu, Nelson da Rodney, da masu ɗaukar jiragen sama, Victorious da Indomitable da Eagle, da wani na huɗu, Furious, wanda aikinsa kai wa Malta jiragen saman yaƙi ƙirar Spitfire ne, ga ƙananan jiragen yaƙi masu sauri da yawa. Madugun ayarin duka shi ne Admiral Neville Syfret.

Tun ranar 11 ga wata aka fara asara, lokacin da jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-73 ya nutsar da Eagle cikin mintuna kaɗan. Tsarin kuwa shi ne manyan jiragen su juya kafin a shiga ƙuntataccen mashigin, su bar jiragen kaya da ƙaramar rakiya ƙarƙashin Admiral Harold Burrough. Sun juya da yammacin 12 ga wata.

Yaushe aka fara samun Ohio, kuma gaskiya ne akwai jirgi mai suna Nigeria a wurin?

Gaskiya ne. Birtaniya tana da jerin jiragen yaƙi da ta raɗa wa sunayen ƙasashen da take mulka, kuma biyu daga cikinsu, Nigeria da Kenya, suna cikin wannan rakiya. A kan Nigeria ma Burrough yake. Jim kaɗan bayan manyan jiragen sun juya, jirgin ƙarƙashin teku na Italiya mai suna Axum ya saki tofido, wato nakiyar da ke tafiya da kanta a cikin ruwa, kuma a harbi ɗaya ya sami jirage uku: Nigeria da jirgin yaƙi Cairo da Ohio. Cairo bai tashi ba, Nigeria ya lallaɓa ya koma Jibralta, Burrough kuma ya koma kan wani ƙaramin jirgi mai suna Ashanti. Asarar ta wuce ta jirage biyu, domin a kan Nigeria da Cairo ne na'urorin da ake jagorantar jiragen saman kariya suke.

Tofido ya sami Ohio a tsakiya ta gefen hagu, a ɗakin famfo, ya buɗe rami mai faɗin kusan mita bakwai da takwas. Wuta ta kama, kananzir yana tsartuwa ta tsagar bene, kamfas ya lalace, sitiyarin gaba ya daina aiki. Mason ya sa aka kashe inji, ma'aikata suka kashe wutar, sannan aka tayar da inji aka koma tuƙa jirgin daga sitiyarin ko-ta-kwana da ke can baya. Cikin dare jirgin yaƙi Ledbury ya shige masa gaba yana nuna masa hanya, har ya riski sauran ayarin da safe. A wannan daren ne ƙananan kwale-kwalen yaƙi na Italiya da Jamus suka yi wa ayarin mummunar ɓarna a gaɓar Tunisiya.

Me ya faru ranar 13 ga Agusta da har injinsa ya mutu?

Matuƙan jiragen saman Jamus da Italiya sun san cewa jirgin mai ɗaya ne a ayarin, kuma siffarsa ba ta ɓoyuwa, saboda haka a kansa suka fi taruwa. Da safiyar ranar jirgin kaya Waimarama, wanda ke ɗauke da fetur a gwangwani da harsasai, ya tashi gaba ɗaya a gaban idonsu. Jiragen saman abokan gaba biyu da aka harbo sun faɗo a kan Ohio, tarkacensu ya zauna a benensa. Bama-bamai suka riƙa faɗuwa dama da hagu, wasu suka ɗaga jirgin sama da ruwa suka sake shi. Girgizar ta kashe wutar tukwanen tururi. Injiniyoyi suka sake kunna su, jirgin ya ci gaba, sannan suka sake mutuwa, kuma kafin azahar ya tsaya cak a tsakiyar teku.

Jirgin yaƙi Penn ya kwashe ma'aikatan, daga baya suka koma, aka sake kwashe su bayan wani bam ya shiga jirgin ya karya masa gadon baya. Mutanen nan sun kwana biyu ko uku ba barcin kirki, kuma duk lokacin da suka koma, suna komawa ne kan dubban tan na mai a jirgin da ba ya motsi, jiragen sama suna shawagi a kansa.

In ba shi da inji, ta yaya ya isa Malta?

Janyo shi aka yi, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi wahala a duk tafiyar. Da farko Penn ya ɗaura masa igiya ya ja, amma ramin da ke gefensa da sitiyarin da ya maƙale suka sa yana karkacewa yana zagaye, igiya tana tsinkewa. Jirgin share nakiyoyi Rye ya zo daga Malta, aka gwada shi a gaba, Ledbury a baya yana riƙe wutsiya, nan ma igiyoyi suka riƙa katsewa, hari yana zuwa ana watsewa, a dawo a sake ɗauri.

Dabarar da ta yi aiki a ƙarshe ita ce a sa shi a tsakiya. Penn ya manne masa ta dama, jirgin yaƙi Bramham ta hagu, aka ɗaɗɗaure su da wayoyin ƙarfe, suka tallafe shi kamar yadda mutum biyu kan riƙe majinyaci a kafaɗa, Ledbury kuma yana taimakawa wurin juya kansa in an zo kwana. Tafiyar ba ta fi saurin ɗan sassarfa ba. Famfunan Penn suna zuƙe ruwa daga cikinsa, duk da haka benensa yana dab da ruwa. Waɗanda aka tsamo daga jiragen da suka nutse sun hau kansa da son ransu domin riƙe bindigogi, cikinsu har da Amurkawa biyu na jirgin Santa Elisa, Frederick Larsen da Francis Dales. Da aka matso kusa, jiragen Spitfire na Malta suka rufe sama. Ko a nan ba a huta ba, domin hanyar shiga tasha ƙuntatacciya ce tsakanin nakiyoyin da Birtaniya ta dasa da kanta, kuma juya jirage uku a ɗaure a irin wannan wuri ba ƙaramin aiki ba ne.

Me ya hana shi nutsewa ko tashi da wuta, alhali mai ne a cikinsa?

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko ƙirarsa: an raba cikinsa zuwa tankuna 21 da bangayen ƙarfe, saboda haka ruwan da ya shiga ɗaya ba ya malala zuwa sauran, kuma man da ke cike da su ya fi ruwa rashin nauyi. An kuma haɗa ƙasansa da benensa da walda, a lokacin da maƙera jirage ke gardama kan ko walda za ta iya maye gurbin ƙusoshin da aka saba haɗa farantan ƙarfe da su. Na biyu irin kayan da ya ɗauko: kananzir da dizal suna cin wuta, amma ba sa tashi nan take kamar fetur, kuma abin da ya sami Waimarama, wanda aka ambata a amsar ranar 13 ga wata, ya nuna bambancin. Na uku shi ne jiragen da suka tallafe shi da famfunansu, waɗanda in ba don su ba da ƙirar kaɗai ba ta kai shi ba.

Me ya sa mutanen Malta ke kiran ayarin da sunan Santa Marija?

Saboda ranar da Ohio ya shiga. Jiragen kaya uku, Port Chalmers da Rochester Castle da Melbourne Star, sun isa ranar 13 ga wata, Brisbane Star ya biyo su ranar 14 da gabansa a fashe. Ohio ya shiga babbar tashar Valletta, babban birnin Malta, da safiyar 15 ga Agusta, 1942, wadda ta yi daidai da idin Maryamu, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan mabiya ɗariƙar Katolika a tsibirin. Jama'a sun cika ganuwar birnin suna kallo, ana kaɗa badujala. Nan da nan aka jona masa bututu aka fara zuƙe man, wani cikin jirgin Boxol, kuma an kwashe mafi yawan kayan kafin gindinsa ya zauna a ƙasan tashar.

Shin man da ya kawo ya sauya akalar yaƙin?

A nan ya kamata a yi taka-tsantsan. Cikin jiragen kasuwa 14, tara sun nutse, an kuma rasa jiragen yaƙi huɗu, Eagle da Cairo da Manchester da Foresight, da ɗaruruwan rayuka. Jamus da Italiya sun ɗauki abin a matsayin nasararsu, kuma in jiragen da aka nutsar za a ƙirga, ba su yi ƙarya ba. Ƙawanyar ma ba ta ƙare a watan Agusta ba. Yunwa ta ci gaba a Malta har sai da wani ayari ya iso daga Masar a watan Nuwamba.

Amma kayan da jirage biyar ɗin suka kawo sun tura ranar miƙa wuya gaba da makonni da yawa, man Ohio kuma ya ba Malta damar ci gaba da kai farmaki kan jiragen da ke yi wa Rommel jigila, a daidai watannin da ake shirin gwabzawar El Alamein a Masar ta watan Oktoba, inda ƙarancin mai ya dabaibaye rundunarsa. Ba daidai ba ne a ce jirgi ɗaya ya ci yaƙin Arewacin Afirka. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne, da bai isa ba, da sauran kayan ba su wadatar ba, domin garin alkama ba ya zama burodi sai da wuta, jirgin ƙarƙashin teku kuma ba ya fita sai da dizal.

An karrama waɗanda suka yi aikin?

An ba Kyaftin Mason lambar George Cross, wadda ita ce mafi girma da Birtaniya ke ba farar hula saboda jarunta, kuma irinta ce Sarki George na Shida ya ba tsibirin Malta baki ɗaya a watan Afrilu na wannan shekara, wadda har yau take jikin tutar ƙasar. Wasu daga cikin ma'aikatansa ma sun sami lambobi, Amurka kuma ta karrama Larsen da Dales.

Ina jirgin ya ƙare? An mayar wa Texaco kayansa?

Bai sake tafiya ba, bai kuma koma hannun masu shi ba. Da aka zo matsar da shi bayan an sauke man, sai ya rabe gida biyu a wani lungun tashar da ake kira Rinella, kuma babu halin gyara shi a Malta a lokacin. An yi amfani da gangar jikinsa a matsayin wurin ajiya, daga baya kuma masaukin wasu ƙananan rukunonin sojan ruwa. Bayan yaƙi, ranar 19 ga Satumba, 1946, aka ja rabin gaba zuwa cikin teku aka nutsar da shi da harbin bindiga, sannan ranar 3 ga Oktoba aka nutsar da rabin baya da nakiya. Allon sunansa da sitiyarinsa suna gidan tarihin yaƙi da ke ganuwar Saint Elmo a Valletta, a bakin mashigar da aka shigo da shi ta cikinta.